Ayabar Gana da Injin Yaya Haruna

Tun da na dawo, 'yan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Garba, wai da gaske ka ga teku?" Wancan ya ce, "Wai ayaba har mai gadi gare ta?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya na ji wani a tasha yana rantsuwa wai kada ne ya cinye mini kaya. To ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Kun san ni mutumin albasa ne. Ni da wana, Yaya Haruna, muna da lambu a bakin kogi, shi yake noma, ni nake kaiwa kasuwa. Da aka rufe gadar da ta haɗa garinmu Gaya da Malanbil ciniki ya tsaya cik, muna ji muna gani albasa ta riƙa ruɓewa a rumfa. A wannan zaman banzan ne na lura ayaba ta yi tsada a garin nan, har daga Dosso ana aiko neman ta. Sai kuma Sule ya zuga ni. Sule abokina ne tun muna yara, direba ne, kamiyonsa, babbar motar kaya, ya maƙale a Malanbil ranar da aka rufe gada, sai ya ci gaba da aikinsa daga can, yana kai wake kudu. Shi ya ce mini a Gana akwai manyan gonaki da ke noma wa Turawa ayaba, wadda Turawan suka ƙi kuma kusan kyauta ake bayarwa. Ya ce idan na shirya zai bar mini bayan mota a dawowa.

Ba ni da jari. Abin da muke da shi mai daraja ɗaya ne, injin ban ruwa, yana ajiye a ɗakin Yaya saboda damina ba ta ƙare ba tukuna. Na same shi da maganar.

"In ka saishe shi, da mi za mu ba albasa ruwa?" in ji shi.

"Kahin dashe na komo, Yaya. Sabo zan sawo muna, wanda ya hi wanga."

"Ni ban san ayaba ba," ya ce. "Kai ma ba ka san ta ba." Daga nan ya tashi, da kansa ya ɗauko injin ya ɗora a amalanke. Lissafin dai a fili yake. Idan ayaba ta iso Gaya ɗanya, zan sayar a hankali da daraja, in sayi inji kafin dashe. Idan ta nuna a hanya, to da hannu za mu ɗebi ruwa daga kogi zuwa lambu, ga gaɓa mai tsawo, ga Yaya ya manyanta.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne tsoron ruwa. An haife ni a Gaya, amma uwarmu 'yar Bengu ce, ba ta yarda ɗanta ya wuce gwiwa a kogi ba, don haka ko iyon kare ban iya ba. Da can gada nake bi in rufe ido. Yanzu ba gada, sai jirgi. Na shiga na Baba Hima, wani tsohon Sorko, jinin masunta, da ya fi kowa daɗewa a mashigar. Kogi ya cika ya yi ja, amma ranar ba iska. Na riƙe katako da hannu biyu ina karanta duk abin da na haddace, wata mata 'yar Dendi a gefena tana ɓare gyaɗa tana dariya. Da muka sauka ta ce mini, "Malam, saki jirgin mutane, an iso."

Tafiyar zuwa ba ta da wani tashin hankali, domin wake muka ɗauka, shi kuwa wake ba ya gaggawa. Idan jandarma ya tsayar da mu ya ɓata rai, Sule sai ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya hura gawayin shayi, har mutumin ya gaji ya kore mu. A Paraku na ci sakwara da miyar gyaɗa da cukun Fulanin can, wanda suke rina bayansa ja su soya. Na ci har na ji kunya. Masaukinmu duk hanya ƙarƙashin kamiyo ne a tasha, sauro kuwa kamar an aiko su musamman. Kullum ƙasa tana ƙara duhun itatuwa, gero ya ɓace, masara da rogo suka karɓe shi.

A Kwatano 'yan kabu-kabu masu rigar ruwan ɗorawa sun fi mutanen Gaya duka yawa, ba na tsallaka titi sai na riƙe rigar Sule. Daga can hanya ta bi bakin teku zuwa Lome. Kun tambaye ni teku. Ruwa ne wanda ba shi da tsallake, yana tasowa yana dukan ƙasa ba hutawa, ba kuma iska ce ke tura shi ba. Sule ya ce mu tsaya in taɓa. Na ce ya ja motarsa, daga nan ma ina gani sarai.

A iyakar Gana ɗan Faransancina na kasuwa ya mutu. Jami'i yana magana ina cewa "wi, wi", ashe tambayata yake ina katin rigakafi. Da ƙyar wani ɗan canji Bahaushe ya raba mu. Shi ya canza mini sefa, ya ba ni kuɗin ƙasar, na riƙa juya su a hannu ban san wanne ne babba ba.

Mai masaukinmu Malam Bawa ne, mutumin Tanda, ya fi shekarun aurena a can. Yana zaune a zango, unguwar Hausawan can, dillancin ayabar da aka ƙi shi ne sana'arsa. Ya karɓe mu hannu biyu, matarsa ta kawo dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake dafawa cikin ɓawon masara, da kifi da barkonon da ya sa na yi hawaye. Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan shi ne akuya. Na ga an zuba mata ayaba nunanniya a kwano tana ci tana zaɓe. Mu nan sai mutum yana asibiti, ko an yi baƙo na kunya, ake sayen hannu ɗaya a raba wa gida. Na ce, "Malam, wagga akuya ta hi ni jin daɗi." Ya ce in bari sai na ga gonar.

Da safe ya kai mu. Gonar tana da waya kewaye, da ƙofa, da masu gadi. A bakin ƙofa akwai wani ɗan kwalbati mai ruwan magani, kowa sai ya taka ciki kafin ya shiga. Ni da na ga wuri mai tsafta haka, sai tarbiyya ta motsa. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na taka ruwan da ƙafata. Mai gadi ya daka mini tsawar da ta sa na saki takalmi ɗaya. Malam Bawa yana dariya ya ce ba ƙafata suke so ba, takalmin ne abin tsoronsu. Akwai wata cuta da ke bin ƙasa, in ji shi, ta cinye gonaki a wasu ƙasashe masu nisa, ba ta da magani. Ita kuwa ayabar nan ba ta da iri, daga jikin uwa ake cire ɗiya a dasa, don haka duk gonakin da ke ciyar da Turawa kamar itace ɗaya ne. Abin da ya kashe ɗaya zai kashe duka. Ƙasar da ke manne a takalmin baƙo ta isa. Na tsaya ina kallon masu gonar nan, da motocinsu da wayarsu, ashe su ma a tsorace suke kwana.

Ban gama mayar da takalmi ba na ji ƙara a sama. Wani ƙaramin jirgi ya taso ƙasa-ƙasa kamar zai aske kan itatuwa. Mu da muka fito daga inda muka fito, kun san abin da zuciya take faɗa idan jirgi ya sauko haka: wuta zai saki. Na kwanta rub da ciki a cikin laka. Ma'aikata suka wuce ni ba wanda ya ko ɗaga kai, sai dai wasu sun ja riga sun rufe hanci. Feshin magani yake. Na tashi ina kakkaɓe riga, wani ɗaci yana sauka a maƙogwarona, na ga mutanen da ke shaƙar abin nan kullum suna ci gaba da aikinsu.

Kowane nonon ayaba a gonar yana cikin shuɗiyar leda tun yana kan uwa, don kada ƙwaro ko ganye ya taɓa shi. Idan an sare, ba a ajiye shi ƙasa, rataye shi ake a wata waya, mutum ya ja jerin da gudu har rumfar wanki. A rumfar mata ne tsaye a bakin manyan kwamaye, suna yanka hannu-hannu, suna wankewa, suna aunawa. Malam Bawa ya kai mu wurin wata mai suna Afi, shugabar layinta. Hannayenta sun yi fari sun tattare saboda zama cikin ruwa. Tana da ɗan ƙarfe da take gwada kauri, da igiyar awo ta tsawo. Wadda ta gajarta, gefe. Wadda ta cika tsawo, gefe. Wadda ta lanƙwashe da yawa, ko ta miƙe da yawa, ko take da tabo kamar ƙwayar gero, gefe. Na ɗauki ɗaya daga cikin na gefen na juya ta, wallahi ban ga aibinta ba.

Na ce Malam Bawa ya tambaye ta, su Turawan bawon suke ci ne? Ta yi dariya ba ta daina aiki ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganin mai sayen ba. Abin da ta sani, manyan kantuna na can su ke yanka farashi tun shekara ba ta kama ba, kuma kullum ƙasa suke ja, domin da arhar ayaba suke jawo mutane cikin kanti. Mai jirgin ruwa zai ɗauki nasa, mai gona zai ɗauki nasa, abin da ya rage shi ke isowa rumfar nan. Idan kwali ɗaya ya isa can da tabo, a kan layinta za a dawo da maganar. Ta nuna mini wata babbar mota mai firigo da ake loda kwalaye. Daga nan har tashar jirgin ruwa, har ƙasar Turawa, ayabar tana cikin sanyi, barci take, ba ta san an sare ta ba. Sai ta isa ake tashin ta da wata iska a ɗaki, ta nuna duk rana ɗaya. Na dubi motar nan, na tuna kamiyon Sule wanda ko gilashin gefe ɗaya ba shi da shi.

Na saya. Arha kam akwai arha, tsofaffin kwalayen da na zuba ta ciki sun kusa kama kuɗinta. Muna lodi Afi ta zo wucewa, ta sa hannu ta zare wani hannu da ya fara sauya launi ta jefar. Ta ce ɗaya idan ta nuna takan tashi 'yan'uwanta. Sannan ta faɗi wata magana sau biyu, Malam Bawa ya fassara: "Ta ce kada ka bari ta ji zafi." Na ce na ji. A raina zafi rana ne, maganin rana kuwa rufi.

A dawowa na gane bambancin wake da ayaba. A iyakar farko jami'i ya leƙa bayan mota, ya ga kwalaye, ya yi murmushi, ya koma ya zauna ya ɗora ƙafa kan tebur. Bai nemi komai ba. Sule ya ɗauko tabarma yadda ya saba, na ce ya mayar. Ni na je na durƙusa. Haka muka yi a iyaka ta biyu, haka a kowane shinge. Duk wanda ke sanye da kaki a hanyar nan ya san mai ayaba ba ya iya jira, kuma da wannan sanin yake yi maka ciniki. Ɗan abin da na ware don hanya ya riƙa narkewa, ni kuma kowace tsayawa sai na hau baya na matsa ayaba da yatsa. Tana nan da ƙarfinta, koriya shar.

Bayan mun wuce Bohikon ruwa ya sauko, irin na kudu, wanda ba ya sallama. Ni da Sule ba mu ko yi shawara ba. Shekara da shekaru muna ɗaukar albasa, kuma duk mai albasa ya san ɗigo ɗaya ya shiga buhu, an gama. Muka yi tsalle cikin ruwan, muka ja baƙin tamfol muka rufe kaya ruf, muka ɗaure kowace kusurwa, muka cusa tsumma inda iska ke shiga. Muka koma gaba jiƙe sharkaf muna yaba wa juna. Da gari ya waye rana ta fito, na ce a bar tamfol ɗin, ai an ce kada ta ji zafi.

Ranar ce kuma aka tsare mu a wani shinge kafin Paraku. Babban da zai sa hannu ya tafi jana'iza, in ji su. Mota ta wuni a tsakiyar rana, ni ina zaune a inuwa hankalina kwance, ina ganin kayana a rufe suke.

Muna dab da Kandi, Sule ya shaƙi iska ya dube ni. "Garba, kana jin abin da ni ka ji?"

Ina ji. Ƙanshi ne mai daɗi, irin wanda da a kasuwa ne zai sa ka tsaya. Ban taɓa jin ƙanshin da ya tsorata ni kamarsa ba. Muka tsaya muka kwance igiya. Da muka ɗaga tamfol wani huci ya bugi fuskata kamar an buɗe tukunyar dambu. Na sa hannu tsakiyar kaya na ji ɗumi. Kwalayen tsakiya duk sun zama ruwan ɗorawa, wasu har sun fara ɗigo-ɗigo. Wani mai sayar da abarba a bakin hanya ya matso ya leƙa, ya kama baki. Ya ce ayaba ba ta tsoron ruwan sama, a cikinsa ta girma. Numfashi take, idan ka toshe ta sai ta dafa kanta.

Na zauna a kan taya. Fuskar Yaya kawai nake gani lokacin da yake ɗora injin a amalanke. Sule ne ya tashe ni. Muka ware nunannu gefe, muka bar waɗanda ke bakin iska, su har yanzu kore ne, kuma sun fi rabi. Idan waɗannan suka kwana a Gaya yau, a baza su a inuwa, inji zai samu ko da ba sabo ba. Idan suka ƙara kwana a tare da sauran, sai yadda Allah ya yi. Sule ya taka mota yadda ban taɓa ganin ya taka ba.

Mun iso bakin kogi a Malanbil bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi, amma samanmu garau. Yawancin jirage sun ɗaure. Na Baba Hima ne kaɗai ake lodi, an riga an jera buhunan siminti da na shinkafa, fasinja suna ta yi masa magiya ya yi sawu na ƙarshe. Ya dubi hadarin, ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ce za a iya riga shi idan an yi sauri. Na roƙe shi wuri. Masu lodi suka ce sai dai a ɗaga buhuna a sa kwalayena a ƙasa, a mayar da buhuna a kai, haka jirgi ya fi zama. Siminti a kan ayaba! Na ce ko kusa. Na kama hannun tsohon.

"Baba, don girman Allah, a bisa za a sa min su. In anka danne su sun mutu."

Ya dube ni da jajayen idanunsa. "Ɗana, ka san dokar bisa?"

"Ban sani ba, Baba."

"In ruwa ya nemi kaya, na bisa a ka hwara ba shi. Ba a tambaya na wane ne. Ba a biya."

Na ɗaga kai na dubi sama, garau. Na dubi Gaya, ga ta can ana hango rufin kwano. Na ce na yarda. Aka jera koren a kan buhuna, tsibi guda a tsakiyar jirgi. Nunannun, da yake sun yi laushi, na tara su wajen ƙafafuna. Sule ya tsaya a gaɓa, motarsa ba ta da hanyar binmu, ya ɗaga mini hannu.

Mun kai tsakiya iska ta iso. Ba ta fara a hankali ba. Ƙura ta rufe Gaya, kogi ya sauya launi, jirgi ya ɗaga hanci ya faɗo, ruwa ya watso mana a cinya. Matar da ke gabana ta kwance goyonta ta rungume shi a ƙirji tana salati. Igiyar ruwa ta biyu ta shigo ta gefe. Tsibin kwalayena ya zama bango, iska tana dukansa tana kwantar da jirgin, ina ganin bakin katako yana sumbatar ruwa. Maza biyu suna kwarfa da ƙwarya, abin da suke fitarwa bai kai abin da ke shiga ba. Injin jirgi ya yi tari ya ɗauke, ya sake kamawa. Ruwa ya rufe mini idon sawu. Na san idan jirgin nan ya kife ba zan ko ɗaga hannu ba, zan tafi ƙasa kamar buhun simintin da nake zaune a kai.

Baba Hima ya yi kira da Dendi, sannan da Hausa: "A rage! Na bisa!"

Ba wanda ya motsa. Duk suka juyo suna kallona, har matar mai goyo. Kunya ce ta riƙe su, kuma kunyar nan tana iya kashe mu. Ban san lokacin da na saki katako ba. Na miƙe a kan gwiwa, ni da ban taɓa sakin jirgi ba, na rungumi kwali na farko na tura. Daga nan sauran suka sa hannu. Muna turawa jirgi yana ɗagowa. Kwalaye suna faɗawa suna fashewa, ayaba tana tasowa saman ruwa, koriya, lafiyayya, tana bin kogi zuwa Najeriya. Ina turawa ina kuka, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban san ko kukan kaya nake ko na rai ba. Baba Hima bai ce a tsaya ba sai da buhuna suka bayyana.

Iska ta kai mu nesa da mashiga, muka dafa gaɓa cikin ciyawa, ruwan sama yana dukanmu. Na fito da rarrafe na kwanta a laka. Matar nan ta zo ta tsaya a kaina da ɗanta, ta ce, "Allah shi maida maka, Malam." Baba Hima ya ƙi karɓar kuɗin jirgi. Mutanen gari sun hango mu tun muna tsakiya, suka biyo gaɓa da gudu, a cikinsu har da Yaya Haruna, ba hula. Ya ɗaga ni tsaye, ya shafa kaina, ya shafa kafaɗuna da hannayena kamar yana duba ko wani abu ya ɓalle. Ya leƙa cikin jirgi ya ga 'yan kwalayen da suka rage. Ya ce, "Mu tahi gida, ka jiƙe."

Da safe na kai nunannun kasuwa. Matan da ke sarin ayaba sun riga sun ji labari, kuma ko ba su ji ba, idonsu ya gaya musu kayan ba zai kai gobe ba. Suka taya yadda suka ga dama, na sallama. Ban ji haushinsu ba, da ni ne a wurinsu haka zan yi. Abin da na samu ko tiyon inji bai isa saya ba.

Mun yi dashe, rabin lambu kawai. Da asuba muke sauka gaɓa, kowa da jarka biyu, mu cika mu hau, mu zuba mu koma. Na ce Yaya ya bar mini ɗiba shi ya tsaya wajen zubawa, ya ce mutum ɗaya ba zai iya ba, albasa za ta ƙone. Gaskiya ya faɗa. Har yau bai ambaci inji ba, ko da wasa. Idan muna hawa ina bayansa, ina jin numfashinsa yana fita da wani sauti da ban san shi da shi ba.

Ranar Talatar da ta wuce, a tsakiyar hawa, ya ajiye jarkoki ya zauna a ƙasa, ya dafe ƙirji. Na dire nawa na ruga. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba komi," ya ce. "Hutawa ni kai. Kwashe ruwanka, rana na yi."

Ya ɗan jima, ya tashi, ya ɗauki jarkokinsa. Ku da kuke tsokanata da tsoron kogi, yanzu har ƙugu nake shiga in cika jarka, ba na ko duban ruwan. Shi nake duba.